Jan Tsumman Bakin Teku

Tun da muka dawo daga ƙasar Benin ban huta ba. A bakin kogi a Yelwa, inda nake gyaran injinan jirage, duk wanda ya kawo injinsa sai ya haɗa da tambaya. "Ɗanjuma, wai da gaske na, teku ba ya da ƙetare?" "Ɗanjuma, mi suka ci can?" "Ɗanjuma, ka shiga?" Wannan ta ƙarshen nake kauce wa, sai in duƙa in kama neman fulogin da ke hannuna. Na gaji da ba da labari rabi da rabi, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da ba na so.

Ƙanwata Talatu ce ta gayyace mu. Tana aure a Kwatano, mijinta Alhaji Isiyaku yana sayar da tayoyin mota. Bana da aka yi hutun makaranta ta buga waya ta ce sun kama mana ɗakuna a wani ƙauye a bakin teku, mu zo mu huta mako guda. Ni kuwa halina ne, alherin da ya zo babu dalili sai na juya shi na duba bayansa. Na ce wa matata Rabi, "Hutu? Wa yac ce musu mun gaji? Akwai dai abin da suka so." Ta ce, "Malam, ƙanwarka ta fa, ba ɗan damfara ba. Kai ko kajin gida zarginsu kakai."

Mu uku za mu tafi: ni, Rabi, da Asma'u. Asma'u ɗiyar yayana ce marigayi, Yaya Audu, shekararta goma sha ɗaya. Tana da biyar jirgin da ya ɗauko ubanta daga wani gungu, wato tsibiri, ya kife a tafki, tun daga nan take hannuna. Mu mutanen ruwa ne kaka da kakanni, amma tun ranar mahaifiyarmu Inna ta hana yarinyar nan kusantar kogi. Ko wanki ba a aikenta. Sai da Talatu ta yi kwana uku tana roƙo ta waya kafin Inna ta yarda a tafi da ita. Ranar tafiya da safe ta kira ni ɗakinta, ta riƙe min hannun riga.

"Ɗanjuma, ruwa ya amshe min ɗaya, ba ni ba shi na biyu. Ma'u ta gani da ido ta dawo. Ko ƙafa kar ta sa. Ka jiya?"

"Na jiya, Inna."

"Ba ga Talatu nib ba da ta ba, ba ga Rabi ba. Gare ka nib ba da ta."

Da wannan magana a kaina na shiga mota, kuma da ita na riƙa kallon duk wanda muka gamu da shi a hanya.

Mun bi ta Koko, muka ratsa Bagudo muka nufi Tsamiya. Tun kafin mu bar gari na ji injin motar yana wani tari, na faɗa wa direba. Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Malam, wagga mota ta, ba kwale-kwale ba." Fasinjoji suka yi dariya, Rabi ta rufe fuska da mayafi. Motar kuwa har iyaka ba ta yi ko atishawa ba, abin da ya ɗan ɓata min rai.

A kan iyaka ne aka tsayar da mu. Wani ma'aikaci ya duba takardunmu, ya duba Asma'u, ya sake duba takardun, sai ya yi mata alama ta biyo shi gefe. Na miƙe na sha gabansa. Rabi tana jan rigata, ni ina cewa babu inda za ta. Wata ma'aikaciya mai jin Hausa ta zo ta ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Sunan uban da ke takardarta ba naka ba ne. Akwai masu ƙetarewa da yaran mutane su kai su aikatau, dole mu tambaya." Ashe ni ake zargi! Ni da na kwana ina lissafin ɓarayin yara, ga shi an ɗauke ni ɗayansu. Matar ta duƙa ta tambayi yarinyar ko wane ne ni. Asma'u ta ce, "Baffana na. Babana ya rasu, Baffa ka sai min littafi." Muka nuna takardar da mai unguwa ya sa wa hannu, aka buga mana hatimi. Na fito ina ƙunƙuni, amma a raina na san aikinsu suka yi.

Daga can ƙasar ta fara canzawa. Mun kwana a Kandi, washegari muka shiga doguwar bas zuwa Kwatano. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Fetur a kwalabe ake jera shi a bakin hanya kamar manja. A Faraku mata suka kewaye bas da wani cuku ja da suke kira wagashi, Rabi ta saya ta ce ya fi awara. Ni duk abin da aka miƙo sai na tambayi wanda ya yanka, ko da ba nama ba ne. Kwana biyu na yi a kan burodi da busasshen kifin da muka taho da shi daga gida. Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta miƙa wa Asma'u lemo, na karɓa na ce za ta sha an jima, na jefa shi ta taga da tsohuwar ta juya kai. Asma'u ta gani.

Kwatano kuwa 'yan kabu-kabu sun fi mutane yawa, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa. Namu na Yelwa da muke kuka da su, in aka kai su can sai a ce malamai ne. Talatu ta rungume Asma'u ta yi ta kuka, wai ta ga fuskar Yaya Audu. Na jira Alhaji Isiyaku ya fito da buƙatarsa, ko rance ko wata hidima. Har yau bai fito da ita ba. Ya ɗauke mu a motarsa ya kai mu ƙauyen da suka ce, can yamma wajen iyakar Togo, ya kwana ɗaya ya koma kan shagonsa. Da tafiyarsa muka rasa mai jin Faransanci sosai, don na Talatu bai wuce na cefane ba.

Masaukin ɗakuna ne na jinka a cikin itatuwan kwakwa. Banɗaki babu buta, Allah ya sa Rabi ta taho da tata. Ƙofar na gwada ta sau uku, na ƙara jingina mata kujera. Sai teku. To, 'yan uwa, tunda shi kuke tambaya: ba ya da ƙetare. Tafkinmu da nake ganin babu kamarsa, in ka tsaya a Wara ko yaya za ka hango duhun itatuwa a can gaba. Wannan babu komai sai ruwa har ya haɗe da sama. Kuma ba ya yin shiru. Ni da na girma da ruwa, na tsaya ina kallonsa kamar baƙo. Turawa kuwa suna kwance a yashi cikin rana tsaka da ɗan abin da ba zan kira tufa ba, sun biya kuɗi sun zo neman ranar da mu muke gudu. Rabi ta ce mu yi ta wancan gefen.

A wannan rana ta farko muka gamu da mutumin. Baƙi ne siriri, zai kai shekaruna, da tsage biyu a kowane kunci, da usur rataye a wuya tare da wata igiya mai wuri irin na kuɗin da. Muna tafiya a bakin ruwa sai muka iso wani wuri da na ji ya kwanta min. Hagu da dama raƙuman ruwa suna tasowa suna fashewa da farin kumfa, amma nan tsakiya, faɗinsa bai wuce tsawon jirgi biyu ba, ruwa ya yi lumui, ya yi duhu, babu kumfa. A gabansa an kafa sanda an ɗaura jan tsumma. Asma'u ta ɗan matsa tana kallo. Sai muka ji usur, fiit! Mutumin ya taho da gudu yana kaɗa hannu, yana magana da yarensu. Ya nuna wurin ya girgiza kai, ya nuna can inda ruwa ke hauka ya gyaɗa kai. Ya tsuguna ya kama zane a yashi da tsinke, layi biyu da wata kibiya, yana duban Asma'u yana dubana. Da ya gama ya ciro wani ƙwanson katantanwa mai kyau daga aljihu ya ba ta.

Na karɓe na wurga shi cikin ruwa a gabansa, na goge zanen da ƙafa. Na ce wa Rabi, "Kin gani? Zane a ƙasa, jan tsumma, ga kyauta ga yarinya. Wanga ba mutumin kirki ba na." Talatu ta ce, "Yaya, ina jin masu masauki sunka aje shi, don masu wanka." Na ce, "In don masu wanka na, mi ya sa yaka tura su inda ruwa ka faɗa, shi hana su inda ya kwanta? So yakai ruwa shi kayar da mutum, shi tsamo shi a ba shi goro." Daga ranar muka sa masa suna Mai Usur.

Ku da kuka san kogi ku yi min adalci a nan. A wurinmu inda ruwa ke tafasa yana kumfa, duwatsu ne a ƙasa, nan ake gudu. Inda ya kwanta a bakin yashi nan mata ke wanki, nan ake koya wa yara iyo. Abin da ubana ya koya min ke nan, shi ma ubansa ya koya masa tun kafin dam ya cinye garinmu na asali. Ban taɓa ganin ranar da wannan ilimi ya ba ni kunya ba.

Kwana biyu da suka biyo yawo muka yi. Aka kai mu garin Wida, wani gida da ake ajiye mesa ana girmama ta. Mai nuna wa baƙi ya ɗauko ɗaya zai rataya wa Talatu a wuya don hoto, ta yi ihu ta fita babu takalmi ɗaya. Mu ma a kan duwatsunmu akwai masu bin addinin gargajiya, muna ciniki da su lafiya lau, amma ban taɓa jin wanda ya gina wa maciji ɗaki ba. Abin da na lura da shi a garin shi ne tsummoki ja da fari a gindin itatuwa. Na nuna wa Rabi na ce, "To, ga 'yan uwan tsumman Mai Usur."

Washegari sai Ganbiye, gari guda a tsakiyar tafki, gidaje a kan sanduna, kasuwa a cikin kwale-kwale. Wannan kam ya taɓa ni. Mata na tuƙi da jariri a baya, suna ciniki jirgi da jirgi, kamar labarin da Inna ke ba mu na gungu kafin ruwa ya tashe su. Kafin mu shiga jirgi na sa mai shi ya tayar da injin na saurara, na ce sai ya canza fulogi, na ce sai an kawo wa Asma'u rigar ruwa. Ya yi ta surutu amma ya yi. Na zaunar da ita a tsakiya na riƙe gefen rigarta har muka dawo. A hanya ta ga wasu yara ƙanana, ba su kai ta ba, suna faɗawa ruwa daga barandar gidansu suna dariya. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce a hankali, "Baffa, a makaranta cewa sukai ni ɗiyar masunta ta amma ban san sanyin kogi ba."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Jikar mutanen gungu, a ce ba ta taɓa sa ƙafa a ruwa ba. Na ga kamar mun cuce ta da tsoronmu.

Rana ta biyar da hantsi masuntan ƙauyen suka fito jan taru. Layi biyu suke yi, maza da mata, suna ja suna waƙa, duk wanda ya sa hannu yana da rabon kifi. Rabi da Talatu suka tafi kallo. Na hango Mai Usur shi ma ya kama igiya a can nesa, ya ba mu baya. Asma'u tana tsaye kusa da ni, kumfa na zuwa ya tsaya kaɗan da yatsunta ya koma.

"Baffa, ƙafa kawai. Ba ni faɗa ma Inna."

Da na ce a'a, da yanzu labarin burodi da mesa kawai nake ba ku. Amma na duba hagu da dama na ga haukan ruwa, na duba gaban jan tsumma na ga wuri kamar mashayar garinmu. Na ce a raina, ni Ɗanjuma, tsumma ba zai hana ni ba, kuma ina riƙe da hannunta. Na naɗe wando, muka shiga.

Ruwan ya kai mata gwiwa tana dariya, irin dariyar da ban ji ta yi ba tun rasuwar ubanta. Sai na ji yashi yana gudu daga ƙarƙashin ƙafata, kamar ana janye tabarma. Na ce mu koma. Na ɗaga ƙafa ɗaya, inda zan sauke ta babu ƙasa. Kafin in ja numfashi ruwa ya kai min ƙirji, ita kuma ta rataye a wuyana. Na juya na fuskanci gaɓa na fara iyo da hannu ɗaya da duk ƙarfina. Ina iyo itatuwan kwakwa suna ƙara ƙanƙancewa. Gishiri ya cika min ido da maƙogwaro, riga ta yi nauyi. Asma'u ba ta yi ihu ba, sai dai ta riƙa cewa "Baffa, Baffa" a kunnena. Ni da na tsamo mutum huɗu a kogi a rayuwata, na ji hannuna yana mutuwa. Ban tuna da kaina ba wallahi, fuskar Inna kawai nake gani da yadda zan tsaya a ƙofar ɗakinta.

Usur ɗin na fara ji, sannan na ga kansa. Bai yi ta faɗa da ruwa ba, ta cikin wannan wurin da ya kwanta ya biyo, ruwan da kansa ya kawo shi gare mu. Yana jaye da wata jar roba mai igiya, kamar goran da masuntanmu ke hawa. Ya cusa ta a ƙirjin Asma'u ya ɓamɓare hannunta daga wuyana. Na sake juyawa zan nufi gaɓa, ya daka min tsawa ya bugi kafaɗata, ya nuna gefe. Gefe, ba gaba ba. Muka bi gefe, bai fi tsawon jirgi uku ba sai na ji jan ya sake mu, raƙuman ruwan nan da nake tsoro suka ɗauke mu suka yi ta turo mu har yashi.

A kwance ina amai da ruwan gishiri na gane zanen da na goge da ƙafa. Layi biyun nan da kibiya, kogi ne. Duk ruwan da ke fashewa hagu da dama ta wannan hanya yake komawa teku, shi ya sa ba ya kumfa. Kuma duk yaron Yauri ya san ba a faɗa da gudun kogi, gefe ake yankawa. Na sani tun ina ɗan shekara shida, amma ban ga kogin ba.

Rabi ta iso tana salati, Talatu ta rungume yarinyar. Mai Usur ya tsaya a kaina yana haki, yana zuba min faɗa da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na fahimci duka. Sannan ya tsuguna gaban Asma'u ya duba idonta, ya sa ta yi tari, ya dafa kanta. Ya tashi ya je ya gyara sandar tsummansa da ta karkace, ya koma wajen taru. Ban iya ɗaga ido na dube shi ba. Na ce gobe da safe in na natsu zan je in same shi. Da safe aka nuna min teku da hannu, wai ya fita da jirgin masunta sai yamma, motar Alhaji Isiyaku kuma ta riga ta iso.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta. Na ci duk abin da aka miƙo min, ban tambayi kowa komai ba. Bayan mun wuce Koko Rabi ta ce, "Malam, ni ba ni faɗa, Ma'u ma ta ce ba ta faɗa. Amma kai ka sani." Na ce na sani.

Mun iso bayan la'asar. Inna tana zaune a tabarma tana gyaran shinkafa a faifai. Ta jawo Asma'u ta shafa kanta da hannuwanta har ƙafa, ta ce ta yi baƙi. Da aka watse na zauna a bakin tabarmar na faɗa mata duka, ban rage ba, har ƙwanson da na wurgar. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Na jira ta zage ni, da ta yi da na ji sauƙi. Hawaye suka riƙa sauka a faifai.

Sannan ta ce, "Mi sunanai?"

"Wa, Inna?"

"Bawan Allahn da yam maido min ita. In sa shi cikin addu'a."

Kwana biyar ina kallon mutumin nan, na ƙirga tsagen fuskarsa, na san yawan wurin da ke wuyansa.

"Mai Usur muka ce mishi, Inna."

Ta dube ni yadda ba ta dube ni ba tun ina yaro. "Ko sunanai ba ka tambaya ba, Ɗanjuma?"

Na sa Alhaji Isiyaku ya bincika min in ya samu zuwa, har yanzu bai samu ba. Ɗakina yana jikin na Inna, kuma ita ba ta iya addu'a a ɓoye ba. Kullum bayan sallar asuba ina jin ta tana jero mutanenta, ubanmu, da ɗanta na fari da ba ta faɗin sunansa, sannan ta ce, "Da Mai Usur, Allah kai ka san sunanai."